Rigar Sanyi a Tsakar Bazara

Makera, Kaduna
Farkon watan Maris

Zuwa ga Dije, matar ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ɗahiru da ɗan jaririnku Anas, da sanyin Mambila da ya sa kuke wanka sai ranar Juma'a. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara korar mutane tsakar gida.

Monday direba ya kawo kaya. Zumar ta iso lafiya, har ta kusa ƙarewa a kasuwar Kakuri. Fiyar ce dai rabi ta nuna a hanya ta zama miya. Ki gaya wa mijinki, shi malamin dabbobi ne, ya tsaya kan shanunsa ya bar miki zaɓen fiya.

Na san ba za ki tambaye ni Suwaiba ba. 'Yar fari ce, ko wuƙa aka ɗora miki a wuya ba za ki kama sunanta ba, tun ranar da kika yaye ta kika miƙo min ita kina kallon ƙasa. To ni ba ni na haife ta ba, bakina a sake yake. Zan ba ki labari, ke kuma ki yi kamar ba ki karanta ba.

Ƙarambau ya bi gidanmu na haya ɗaki ɗaki, Suwaiba ma ta samu rabonta. Na yi ta yi mata wanka da ganyen darbejiyar ƙofar gida, na shafe ta da farin maganin nan har sai idanu kaɗai ake gani. Yanzu ƙurajen sun bushe sun ɓamɓare, alhamdu lillahi.

Sai dai ta tashi daga ciwon da sabuwar tsiya. Kin san ta da kwaikwayo. Ta yi mai gwanjo, ta yi malamin Islamiyya, ta yi ni ina ciniki da mai tumatir, in yi ta dariya har da hawaye. To wannan karon ta wuce gona da iri. Kin tuna Baba Shekari, tsohon nan na ɗakin bakin zaure, wanda ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta? Tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki yake ware ƙafa yana tangaɗi, magana kuma sai ya ja ta. Mutumin da in 'yarsa Judith ta kawo masa rake, sai ya ɓoye wa Suwaiba gaɓa biyu. Ranar Lahadi ya dawo daga coci yana zaune a benci, sai ga 'yar nan ta fito ta bi ta gabansa, ƙafa a ware, tana layi, ta buɗe baki ta ce, "Baa-ba, i-naa wu-ni," da irin muryarsa sak. Yaran gida suka kwashe da dariya. Dije, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na karyo tsumagiya a darbejiyar da ta warkar da ita, na zane mata ƙafafu. Tsohon yana ta cewa, "Maman Suwaiba, bar ta, bar ta," kin san kara irin tasa. Na dama kunun gyaɗa na ce ta kai masa da hannunta ta ba shi haƙuri. Don taurin kai, da wannan tafiyar ta tafi, ta je ta juye masa kwanon a ƙafa. Na ƙara mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba za a ce 'yar da aka ba Indo riƙo ta tashi tana yi wa tsofaffi ba'a ba.

Za ki ga ƙasan takardar babu layin gaisuwar da ta saba rubuta miki. Na ba ta biro, ta yi min wannan jagwalgwalon da gangan don haushin duka. Na bar shi ki gani da idonki.

Yayarki,
Indo


Mambila
Tsakiyar watan Maris

Zuwa ga Yaya Indo,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same mu cikin ƙoshin lafiya. Ƙanenki yana gaishe ki, ya ce fiya ba laifinsa ba ne, laifin hanya ne. Anas ya fara rarrafe, babu abin da ya tsira a hannunsa, har garwashi nema yake.

A gaida Baba Shekari, a ƙara ba shi haƙuri a madadinmu. A gaida Judith da matan gida da abokan kasuwarki, da duk wanda yake kwana a ɗakinki.

Maganar tarbiyya, Yaya, ba ni da ta cewa. Abin da aka ba ki halak malak naki ne, ke kika san ci da shansa, ke kika san abin da ya dace da shi.

Sai dai bara an yi ƙarambau a nan, na ga yaran maƙwabta sun daɗe jikinsu babu ƙwari bayan ƙurajen sun bushe. Tsofaffin garin nan suna cewa ciwon yakan bar baya da ƙura, sai an bi mai shi a hankali. Ban ce komai ba, hira ce kawai ta kawo.

Na ga ƙasan takardar. Na daɗe ina kallonsa. Biron ya huda takardar a wuri biyu. Allah ya shirya mana.

Kin san wayar ƙanenki sai an hau tudu take kamawa, kuma kullum tana aljihunsa yana yawon rugage. Takarda ta fi min. Ga zuma nan na sake aikowa, da ayaba maimakon fiya. Don Allah kada Monday ya juyo hannu rabbana.

Ƙanwarki,
Dije


Mambila
Cikin watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kuna lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka, an fara shuka.

Yaya, shirun ya yi yawa. Monday ya je ya dawo babu takarda. Ya ce ya tarar da ɗakinki da kwaɗo, Judith ce ta karɓi kaya, ta ce kuna asibiti. Shi kuma sarkin sauri bai tsaya ya ji waye ba lafiya ba. Na ce ko hawan jininki ne ya tashi.

Ya sake zuwa ya dawo, nan ma babu takarda. Ya ce wannan karon ya gan ki tsaye da ƙafarki, kin karɓi kaya a bakin ƙofa, ba ki ce ya shigo ya sha ruwa ba, abin da ba ki taɓa yi ba. Ya ce ta gefen labule ya hango mutum a tabarma an jingine shi da filo, ga kwano da cokali a gefe. A gaban ƙanenki da baƙinsa ya faɗa. Ban tambaye shi waye ba, na tashi na shiga madafa.

Ƙanenki ya hau tudu ya kira ki, ya dawo ya ce kin ce lafiya lau, 'yar gajiya ce. To Allah ya sa haka.

Na sayo zaren ulu ja a kasuwar Gembu, ina so in saƙa rigar sanyi. Ki auna min 'yarki da zare, kafaɗa da ƙirji da tsawon hannu, ki ƙulla ki ba Monday. Ki auna yadda jikin yake yanzu, ba yadda yake da ba. Ina so ta zama a shirye ba da daɗewa ba.

Ƙanwarki,
Dije


Makera, Kaduna
Ƙarshen watan Afrilu

Zuwa ga Dije,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku gaba ɗaya. Lafiya kam ba zan ce lau ba, na gaji da faɗin ta.

Ga zaren nan, na auna na ƙulla. Saƙon kuma na gane shi. Muna cikin watan da kowa yake kwana a waje da mafici a hannu, ke kina saƙa rigar ulu, har kina so ta zama a shirye. Ba a Kaduna za a sa ta ba, wannan ko yaro ya sani. Kun yi shawara za ku ɗauke ta ku kai ta Mambila, kara ce ta hana ku faɗa min kai tsaye. Ban ga laifinku ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki ji abin da na kasa faɗa wa Ɗahiru a waya.

Dije, ba kwaikwayo take yi ba.

Bayan na rufe waccan takardar ta ci gaba da tafiyar, ni kuma na ci gaba da fushi. Ta ce ƙeyarta tana ciwo, na ce dabarar gudun makaranta ce. Sai wata safiya ta yi amai, ta miƙe za ta ɗauko buta ta kife. Na ɗago ta, na ga ƙwayar idonta tana rawa gefe da gefe, ta ƙi tsayawa. Wannan kam babu mai iya kwaikwayonsa. Judith ce ta goya ta, muka tari keke sai asibiti.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta ce wa Suwaiba ta taɓa hancinta da yatsa. Yatsan ya tafi yana karkarwa, ya sauka a kunci. Nan take na tuna kwanon kunun nan. Aka ɗauki hoton kanta, aka ɗebi ruwa a bayanta, aka ba mu gado. Daga baya likitar ta zaunar da ni ta ce akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa a ƙeya, ita ke saita wa mutum tafiya da hannu da harshe. Wani lokaci bayan ƙarambau ko ciwo irinsa sai wurin ya kumbura. Ta ce ɗaiɗaikun yara ke samu, kuma ba sakacin kowa ke kawo shi ba. Yawanci suna warwarewa a hankali, wasu makonni, wasu watanni, kaɗan ne yakan bar wa saura. Alkawari dai ba ta yi min ba.

Ranar da muka je, da ta ɗaga zanen yarinyar za ta gwada gwiwarta, sai ta ga sawun tsumagiya. Ta ce, "Mama, wannan fa?" Ga ɗaki cike da 'yan koyon aiki, kowa ya zuba min ido. Suwaiba ce ta amsa da wannan harshen mai nauyi, ta ce, "Faa-ɗuwa na yi." 'Yar shekara bakwai tana rufa min asiri. Wallahi da tona ni ta yi da ya fi min sauƙi.

Da aka sallame mu na je na durƙusa gaban Baba Shekari. Ya ce, "Maman Suwaiba, ai na ce ki bar ta. Ni da nake cikin wannan tafiyar na san ta. Mai ba'a mutane yake kallo ya ga ko sun yi dariya. Ita ƙasa take kallo, faɗuwa take tsoro." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ɗauka kara yake min ranar, ashe gaskiya yake faɗa, kunyar idon mutane ce ta toshe min kunne. Ke ma kin rubuto cewa ciwon yana barin baya da ƙura, na karanta na ce ga matar Ɗahiru ta fara koya min reno.

Monday kuwa da gangan na tsare shi a ƙofa, don kada ya gani ya kai labari. Wadda ya hango a tabarma ita ce. Lokacin cokali ba ya samun bakinta sai na ba ta.

Yanzu tana zama da kanta, tana tafiya in ta dafa bango. Muna kai ta wurin masu gashin ƙashi suna koya mata taku. Alfarma ɗaya nake roƙo, ku bar ta ta gama ganin likita. Bayan nan duk ranar da kuka turo, da hannuna zan haɗa mata kaya, ba zan yi muku kuka a gabanta ba. Allah bai ba ni haihuwa ba, maigidana ya rasu ya bar ni da ɗaki fayau, kuka dube ni kuka ba ni, ga abin da na yi da amanar. Kullum in ina shafa mata mai a ƙafa sai ta ce, "Umma, ai ya daina zafi." Ni a wurina bai daina ba.

Indo


Mambila
Farkon watan Mayu

Zuwa ga Yaya Indo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A madafa na karanta takardarki, tuwon ranar bai ciwu ba.

Yaya, wallahi tallahi babu wata shawara a cikin rigar nan. Hanyar tambaya ce na rasa. In na ce yaya jikinta, na zama marar kunya mai bin sawun kyauta. Sai na ce bari in nemi awo. In jiki ya rame, zare zai gaya min. In kuwa babu wanda za a auna, ba za ki aiko da zare ba. Abin da nake kwana da shi ke nan tun da Monday ya yi maganar tabarma. Da ya miƙo min zaren na ga ƙulle-ƙullenki, sai da na zauna a ƙasa. Na gwada shi da awon ɗinkin Sallar bara da kika aiko, ƙirjin ya ragu da yatsa biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, da ƙanenki ya ji takardar ya ce a je a ɗauko ta. Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar. Na ce yarinyar da ta rufa wa mutum asiri a gaban likita ta riga ta faɗi wace ce uwarta. Na ce kuma a nan kafin a samu irin wannan likitar sai an sauka dutse an yi tafiyar yini. Can ya ce shi ma a bayanki ya girma, ya sha tsumagiyarki, ga shi ya zama mutum. Magana ta mutu. Babu inda za ta.

Kina maganar kunya. Ke kin yi duka a rashin sani, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Ni fa? Na ga jagwalgwalon nan, na san hannun da yake rubuta min gaisuwa layi a miƙe ba zai yi haka don haushi ba. Jikina ya ba ni. Da na hau tudun nan da ƙafata na ari waya na ce Yaya ki kai ta asibiti yau, da an rage mata wahala. Sai na zauna na rubuta miki hirar yaran maƙwabta, don kada a ce Dije ta damu da 'yar fari. A garin nan ana yabona da kunya, mata suna nuna ni ga 'ya'yansu. Ga inda ta kai ni.

Don haka yau na ajiye ta a gefe. Yaya, yaya jikin Suwaiba? Suwaiba tana cin abinci? Ƙeyar ta daina ciwo? Tana samun barci? Suwaiba tana dariya? Ban taɓa ganin sunan nan da rubutuna ba. Don Allah ki karanta mata wannan wurin.

Rigar na gama ta, ga ta nan cikin leda a ƙasan ayaba. Ki adana ta sai lokacin sanyinku ya zo. A Kaduna za a sa ta.

Ƙanwarki,
Dije


Makera, Kaduna
Ƙarshen watan Mayu

Zuwa ga Dije, matar ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Anas, ina gaida wanda ya sha tsumagiya ya zama mutum. Ki gaya masa na gode, don ni in na ji muryarsa kuka zan yi, ga shi a kan tudu mutane na kallonsa.

Kin yi tambaya, ga amsa. Tana ci, har tana zaɓe. Ƙeyar ta daina. Tana barci ta bar ni ina kallonta. Ta saki bango, tana zuwa har bakin zaure da kanta, gudu ne dai bai dawo ba tukuna, kuma in ta gaji harshen yakan yi nauyi. Likita ta ce hanya ta yi kyau, mu ci gaba da zuwa. Da safe ita da Baba Shekari suke yin takunsu tare, daga benci zuwa ƙofar gida su dawo, shi da sanda, ita babu. Yana ce mata abokiyar aiki. Babu yaron da yake dariya yanzu.

Ni ce na zama abin dariyar. Ko ɗan tuntuɓe ta yi sai in zabura in ce wayyo Suwaiba. Jiya ina tsintar shinkafa ta dafe ƙirji ta zaro ido ta ce, "Wayyo Suwaiba!" da muryata sak. Matan gida suka fashe. Na fara dariya, ban san inda ta juye ta zama kuka ba. Har yanzu in zan fita kasuwa ba na iya ɗaga ido in kalli darbejiyar nan.

Rigarki ta ƙi a adana. A jikinta take, rana tsaka, gumi na zuba, in na ce ta cire sai ta ce sanyi take ji.

Na karanta mata wurin da kika ce. Ta sa na maimaita. Ta san ke kika haife ta, yara sun gaya mata tuni, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Tana wasa da bakin rigar, can ta ce, "Umma, ashe Anti Dije ta san sunana?"

Na ce ta san shi tun kafin ni. Ta ce to me ya sa ba ta faɗa? Dije, ni na sha tawa kunyar a gaban likita, wannan amsar taki ce. Ki goyo Anas ki biyo Monday ki zo ki ba ta da bakinki. Ɗakin zai ɗauke mu.

Ga layinta nan a ƙasa. Ya hau ya sauka, ya karkace, ta daɗe tana yi. Ba da gangan ba ne, kuma ban karɓe biron ba.

Yayarki,
Indo

Anti Dije ina gaishe ki. Rigar tana da zafi amma ina so. In kin zo ki kira ni in ji.
Suwaiba